Yadda ake ɗanɗana nono kafin a saya

Fura nake yi ta sayarwa a wani ƙauye kusa da Wudil, kuma furata ba ta da daraja sai da nonon da za a dama ta da shi. Shi ya sa ranar Juma'a, ranar kasuwarmu, ba na aiken yaro wurin masu nono. Da kaina nake zuwa in bi ƙore ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gane shi ne tsada ba ta nuna kyan nono. Akwai mai araha da ya fi mai tsada, amma sai harshenki ya san aikinsa.

Ki je da baki wankakke. Kada ki ci goro ko wani abu mai yaji a hanya, don ɗacin goro yana daɗewa a harshe, duk abin da kika sa bayansa sai ki ji shi da zaƙi-zaƙi. Ki kuma yi sammako. Nono abu ne mai rai, tsaminsa ƙaruwa yake yi da zafin rana, wanda kika ɗanɗana da hantsi ba shi za ki tarar da la'asar ba.

Ki san abin da kike nema tukuna. Kindirmo shi ne wanda aka bari ya kwana da mansa, ba a kaɗa shi ba. Wanda aka kaɗa aka cire man shanu ya fi ruwa, ya fi tsami, ya fi araha, kuma shi yawancinmu ke sha kullum. Kada ki auna shi da ma'aunin kindirmo ki ce ba shi da kyau.

In kin tsuguna, ki gaisa. "Inna, ina gajiya, ya garke?" Sannan ki ce ta ɗaga faifai. Duba launi: kindirmo na gaske fari ne mai ɗan ratsin rawaya a sama saboda mai. In kin ga ya yi duhu-duhu kamar ƙasa ta taɓa shi, mai yiwuwa an sa garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Ɗan ruwa-ruwa da ke tasowa a saman ƙwarya ba aibu ba ne, haka nono yake in ya kwanta. Ki sa ludayi ki ɗebo ki zuba a hankali. Mai kyau yana saukowa da 'yan gudaji, yana barin shafe a bayan ludayi. Wanda aka cika wa ruwa zai wuce sululu ya bar ludayin fes.

Sai hanci. Ɗan ƙarni kaɗan na shanu ba komai. Ƙauri yana nuna madarar ta kama a tukunya lokacin dafawa, kuma sukari ba ya ɓoye shi. In kuwa wari ne mai bugun hanci, ki yi godiya ki tashi.

Wurin ɗanɗanon ne mutane ke gaggawa, alhali nan aikin yake. Ki kurɓi kaɗan, ba sukari, ba fura. Kada ki haɗiye nan take, ki bar shi ya zagaya baki. Abu na farko da za ki ji tsami ne, kuma tsami iri-iri ne. Na nono mai kyau yana zuwa a hankali, ya tsaya a gefen harshe, ya tafi ya bar miki garɗi. Na wanda ya kwana biyu yana kama haƙora har ki runtse ido. Na kuka daban yake, tsamin ɗan itace ne, kuma in kin goga harshe a dasashi za ki ji gari-gari. Wanda aka haɗa da madarar gari yakan yi santsi sosai, ba gudaji, da wani zaƙi da ba na saniya ba. Ba na cewa haramun ne, da rani in shanu sun ƙafe kowa dabara yake yi, amma a sayar da shi a kuɗinsa. Bayan kin haɗiye ki ɗan jira. In maiƙo ya rage a leɓe, akwai mai a ciki. In bakinki ya koma kamar kin sha ruwa, to ruwan kika sha.

Tsakanin ƙwarya da ƙwarya ki kuskure baki. Uku ko huɗu sun isa, bayan nan harshe ya gaji, kuma ba kyau ki zagaye layi kina lasa ba ki sayi na kowa ba.

Tambaya ɗaya ba na barinta: an dafa madarar kafin a kwantar? Ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta daga saniya, har da tarin fuka, kuma wannan harshe ba ya gane shi. In mai nonon ta yi jim kafin ta amsa, ni dai wucewa nake yi.

Da damina nono ya fi yawa da araha, lokacin ne ya kamata ki koyi bakin masu kyau, ki riƙe mutum ɗaya ko biyu. Wadda ta san ke tata ce za ta ajiye miki na safe ko da bazara, kuma in kin ce "Inna, a yi gyara mana," ludayin da za ta ƙara daga ƙasan ƙwarya zai fito, inda kaurin yake.