In mukayyif (esi) ɗinku na ɗigar da ruwa cikin ɗaki

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda. Da wannan laimar ta bakin teku, esi kan tara ruwa sosai, ƙura kuma ta toshe tiyon da ke fitar da shi, sai ya bi bango. Kafin ku kira mai gyara, ku kashe wuta, ku ciro ragar gaba ku wanke. Sannan ku leƙa waje: tiyon ya lanƙwashe ne, ko bakinsa ya nutse cikin bokiti? Wannan kaɗai kan hana ruwa sauka, ni ma ya taɓa cinye mini riyal a banza. Ku zuƙe dattin, ku zuba ruwan ɗumi da ɗan khal. Esin taga kuwa, a ɗan karkata shi baya.