Tsohon gado da katifa mai faɗin ƙafa huɗu: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Katifar da 'yan kasuwar Ingila ke kira ƙaramar katifar mutum biyu faɗinta ƙafa 4 ne, tsawonta ƙafa 6 da inci 3, wato santimita 120 da 190.  Ita ce ake yawan nema wa gadajen da suka haura shekara ɗari, musamman na ƙarfe da tagulla da aka riƙa ƙerawa a birnin Bamingam na Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, da kuma na katako na Faransa. Dalili kuwa, gadajen mata da miji da yawa a wancan lokacin ba su kai faɗin na yau ba. Sai dai yawancin ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan gadaje daga wannan sunan take farawa: mutum ya ji an ce gadonsa na ƙafa huɗu ne, ya je ya sayo katifa, sannan ya dawo yana tilasta wa gado ya karɓe ta.

Sayen katifa kafin a auna gado

Lokacin da aka yi waɗannan gadaje babu wani tsayayyen awo da kowa ke bi. Za ka tarar da gadon Faransa mai faɗin santimita 110, wani 120, wani 130. Tsawo ma haka: da yawa ƙafa 6 cif ne, kimanin santimita 183, don haka katifa mai 190 ba za ta shiga ba ko da faɗin ya yi daidai. Santimita bakwai ɗin nan su ne ke sa ka ga katifa ta ɗare kan allon ƙafa ko ta yi doro a tsakiya.

A fara haɗa gadon tukuna, a ɗaure shi, sannan a auna. Awon ciki ake so, daga cikin sandar gefe zuwa cikin ɗayar, kuma a wuri uku: wajen kai, tsakiya, da wajen ƙafa, domin tsohuwar sanda takan lanƙwashe. Mafi ƙanƙantar lamba ita ce awonka. Haka za a yi wa tsawo ta dama da ta hagu. Daga nan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a maimaita ta ɗaya ɓangaren. In lambobin biyu sun bambanta da fiye da santimita ɗaya, gadon ya karkace, kuma sai an daidaita shi kafin a yi maganar katifa. A rage santimita 1 zuwa 2 daga awon don hannu ya samu shiga wajen shimfiɗa zanin gado.

Wanda ya gaji tsohon gadon ƙarfe irin na ɗakin iyayenmu, ko ya sayi na gwanjo, shi ma wannan ƙa'idar ta hau kansa. Katifar da ake kira shida da huɗu a kasuwa ita ce mafi kusa, amma a tafi da tef a auna ta a shago, kada a dogara da sunan.

A duba kusurwoyi kuma. Gadon Faransa mai zagayayyen allon ƙafa, da gado mai ginshiƙai huɗu da ginshiƙan suka shigo ciki, duk suna buƙatar katifa mai yankakkun kusurwoyi. A shimfiɗa kwali a cikin gadon, a zana siffar, a kai wa mai yin katifa. Soso yana yankuwa da sauƙi. Katifa mai sifirin kuwa ba a yanka ta; in an taɓa wayar da ta zagaye bakinta, ta lalace ke nan.

Ɗora katifa a kan sandunan gefe kawai

Tsohon gadon ƙarfe ba shi da komai a tsakiya sai sanduna biyu na gefe masu siffar kusurwa. A da ragar waya ko siraran ƙarafa da aka saƙa ne ke ɗaukar nauyi, kuma yawanci sun ɓace ko sun saki. Sakakkiyar raga tana mayar da sabuwar katifa kamar kwale-kwale cikin 'yan watanni, mutum biyu su riƙa gangarowa tsakiya. A cire ta, a adana, a sa kafinta ya yi shimfiɗar katako da za ta zauna a kan sandunan.

Falankan su kasance masu kaurin santimita 2 da faɗin 7, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce 6 zuwa 7. A tsawon santimita 190 hakan zai ci falanki 14 ko 15. A ɗaure su a kan firam ɗaya, a kuma ƙusa 'yan gutsattsarin katako a ƙarƙashi ta cikin sanduna don kada shimfiɗar ta zame gefe. Wasu na cewa faɗin ƙafa huɗu bai buƙaci tokari a tsakiya ba. Ga mutum ɗaya gaskiya ne. Ga manya biyu a sa sanda ta bi tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafa ɗaya ko biyu da ke taɓa ƙasa. Ba katakon kaɗai ake tausaya wa ba, ana rage wa tsofaffin mahaɗai nauyi ne. In faffaɗan allon katako guda za a shimfiɗa, ya kai kaurin milimita 18, a kuma huda shi da ramuka a jere, in ba haka ba gumi zai taru a ƙarƙashin katifa ta yi fumfuna, musamman da damina.

Katifa mai kauri fiye da kima

An tsara gadajen nan ne don siririyar katifar gashin doki ko ta auduga, kuma sandunansu sun fi na gadon zamani nisa da ƙasa. In aka ɗora shimfiɗa mai tudu, aka ƙara katifa mai santimita 30 ko 35, adon allon kai ya nutse, allon ƙafa ya ɓace, hawa gadon ma ya zama aiki ga tsoho. A auna daga ƙasa zuwa saman sanda, a haɗa da kaurin shimfiɗa da na katifa. Jimillar ta tsaya tsakanin santimita 55 da 65. Yawanci katifa mai 18 zuwa 22 ce ke bayar da haka.

Guduma, walda da musanya sanduna

Nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Bakin kowace sandar gefe yana da dunƙulen ƙarfen zubi mai tsukakken gindi, wanda ke zamewa cikin gurbinsa a jikin ginshiƙi ya kulle da nauyinsa. Kowace masana'anta da irin nata zubin, shi ya sa sandar wani gado ba ta zama a wani. Kada a sayi allon kai da na ƙafa babu sandunansu na asali, sai in an yarda da wahalar ƙera sababbi. Kafin a kwance gado a sa wa kowane baki alama da alli.

Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. In mahaɗi ya cije, a zuba masa man sassauta tsatsa ko kananzir, a bar shi ya kwana, sannan a bubbuga daga ƙasa da gudumar roba, ko a tare da guntun katako. In ya riga ya tsage, waldar bakin titi da sandar walda ta yau da kullum ba za ta riƙe ba, za ta sake ɓallewa a gefen ɗinkin. Aiki ne na wanda ya san ɗumama ƙarfen tukuna, ya yi amfani da sandar nikel ko ya like da tagulla, ya bar shi ya huce a hankali.

Ƙara tsawo yana yiwuwa: a yanka sandunan biyu a tsakiya, nesa da zubin, a ƙara musu tsawo daidai wa daida, a goya wani ƙarfen kusurwa ta ciki ya haye ɗinkin. Amma ƙara faɗi yana nufin yanka allon kai da na ƙafa, kuma wannan kashe gadon ne. In na katako ne, a yi sababbin sanduna dogaye a ajiye na asali. Kada a maye gurbin dogayen notocinsa da ƙusa. Ƙusa na tsaga busasshen katako, kuma ba za a ƙara iya kwance gadon lafiya ba.

Goge fenti da tagulla da ƙarfi

Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda guba ce. Sai a 1978 Amurka ta hana ta a fentin gidaje. Kankare shi a bushe da injin gurza ko ƙona shi da wuta yana watsa gubar a iska, kuma yara ƙanana da masu juna biyu ta fi yi wa illa. A yi aikin a waje, da maganin cire fenti ko jiƙaƙƙiyar takardar goge, da safar hannu da abin rufe hanci, a tattara dattin a leda. A shafa fentin hana tsatsa kafin na ado.

Abin da ake gani kamar tagulla zalla sau da yawa siririn rufi ne a kan bututun ƙarfe. A manna maganaɗisu: in ya kama, akwai ƙarfe a ciki, kuma goga mai kaushi zai iya cinye rufin. Tsumma mai laushi da ruwan sabulu sun isa. A katako kuma a nemi ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2. In sabon gari na zubowa daga cikinsu, ƙwaron da ke cin katakon yana nan da rai, a yi masa magani kafin gadon ya shiga ɗaki.

Zaton zai wadaci kowa

Santimita 120 in aka raba biyu, kowa ya samu 60, daidai faɗin gadon jariri. Ya yi wa mutum ɗaya sosai, ya yi wa ɗakin baƙi, amma manya biyu da yaro a tsakiya ba zai ɗauke su ba. Zanin gado mai roba a baki da aka ɗinka wa katifa mai faɗin santimita 135 zai riƙa tattarewa, don haka a ba tela awon katifar, har da kaurinta, ya ɗinka nata.