Yadda na raba shayina da ƙamshin da ba nasa ba

Wata biyu ina rubuta abu ɗaya a littafin da nake ajiye bayanin ɗanɗano: kowane shayi na kurɓa sai na ji ɗan ƙamshin lemo. Har koren shayin sencha na Japan, wanda ya kamata ya yi ƙamshin ɗanyar ciyawa, haka ya fito. Na zargi harshena, na zargi ruwa.

Ashe laifin butata ne. Ta yumɓu ce irin ta garin Yixing na ƙasar Sin, cikinta ba a shafe shi da ruwan gilashi ba, don haka tana tsotse ƙamshi. Ni kuwa kullum da safe Earl Grey nake dafawa a ciki, shi kuma baƙin shayi ne da aka ƙamsasa da man bawon lemon bergamot. Ranar da na shinshina butar babu komai a ciki, ai sai na ji ƙamshin lemon nan.

Na bar wa Earl Grey butarsa, tunda ta riga ta zama tasa. Sauran na koma jiƙa su a kofin tangaran mai murfi, ina ɗauraye shi da ruwan zafi tsakanin kowane shayi. Ganyen kuma kowanne da gwangwaninsa mai rufi gam, musamman lapsang souchong da ake busarwa da hayaƙin itacen fayin. Wannan maƙwabci ne mara kirki, ƙamshinsa na shiga sauran ganyen.

Yanzu daga mai laushi nake farawa, mai ƙamshi ya zo ƙarshe. Sencha giram 2 a ruwa mililita 100, zafi digiri 70, minti ɗaya. Ciyawar ta dawo.