Yadda ake ajiye ɗan zanzaron da ke kashe murzuna a cikin firigo

A Damagaram hatsi ba ya jiran kowa. Manomin Magaria da ya yi shuka da ruwan fari, zangarniyarsa ta fito, na Tanout kuwa ko kara bai gama yi ba. Shi kuma Habrobracon hebetor, ɗan zanzaron da INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ta yaɗa kiwonsa domin yaƙar murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, cikin zafinmu kwana 8 zuwa 10 ya ishe shi tashi daga ƙwai ya balaga. Idan ya riga zangarniya fitowa, sanyi ne kaɗai zai tsare maka shi.

Balagaggun mata ake ajiyewa. Kada a saka buhun saki (ɗan buhun da ake kai zanzaron gona a ciki) mai ƙwai da tsutsar zanzaron a firigo, don ƙananan ba su jure sanyi. Ana gane mace da ɗan tsinken da ke bayanta, wanda take sukar tsutsa da shi. A bar su da maza kwana 2 tukuna, wannan ba abin wasa ba ne: macen da ba ta haɗu da namiji ba maza zalla take haifa, namiji kuwa ba ya kashe murzuna.

Sai ciyarwa. A gauraya zuma da ruwa daidai wa daida, a shafa siririn layi a jikin kwalba da tsinke. Idan aka ɗiga da yawa fikafikansu za su manne. Su sha yini guda, domin da abin da ke cikinsu za su rayu a sanyi. A saka guntun takarda da za su maƙale a kai, a rufe bakin da auduga.

Abin da ake nema digiri 5. Kada a jefa su kai tsaye daga zafin ɗaki, a fara ajiye su 'yan awoyi a akwatin sanyi tare da gorar ruwa mai sanyi. A firigo, bene na tsakiya ne wurinsu. Jikin ƙofa sanyinsa hawa da sauka yake, bangon baya kuma yana iya yin ƙanƙara. A ajiye ma'aunin zafi kusa da kwalaben, a duba safe da yamma. Firigo yana busar da iska, saboda haka a zuba kwalaben cikin roba mai murfi tare da ɗan kofin ruwan gishiri mai kauri. Ɗaukewar wuta ita ta fi ɓarna a nan, don ɗumi yana farkar da su, su ƙone abincin cikinsu, raɓa kuma ta taru a kwalba ta jiƙa su. A cika sauran firigon da gorunan ruwa, in wuta ta tafi kada a buɗe.

A ganinmu kada a wuce mako 2 zuwa 3. Bayan haka mutuwa tana ƙaruwa, ƙwai yana raguwa.

Ranar fitarwa a sake bi ta akwatin sanyi, su farfaɗo a inuwa, a ba su zuma. Kafin a ɗaure buhuna a gwada mata 10 a kan tsutsar Corcyra, wato tsutsar da ake kiwon zanzaron da ita. Idan washegari tsutsotsin sun sandare, sai a haɗa buhu: mata 2, tsutsa 25, a kai gona.