Yadda na daidaita kusurwar injin zarto mai zamewa

Firam ɗin ƙofa ya ƙi haɗuwa, kowace kwana da giɓi, alhali allurar injin tana kan digiri 45. Laifin daga sifili yake, wato inda injin ke yanka miƙe a digiri 90: faifan zarton bai yi sukwaya da majingina, wato ƙarfen da katako ke jingina da shi, ba. Kuskuren rabin digiri a yanka ɗaya yakan zama digiri 4 a firam mai kwana huɗu, domin yanka takwas ne.

Na cire filogi, na share garin katakon da ya toshe ramukan da teburin injin mai juyawa ke tsayawa a ciki, wannan kaɗai kan karkatar da kusurwa. Na sauke kan injin na kulle shi, teburi a sifili. Sai na ɗora sukwaya, ma'aunin kwana mai digiri 90, tsakanin majingina da jikin faifan. Kada ta taɓa haƙoran, sun fi jikin faɗi, za su ba ka awon ƙarya. Na sassauta notukan majinginar, na bubbuga ta har haske ya daina ratsawa, na ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi, sannan na mayar da allura kan sifili.

Kwanciyar faifai kuwa, wato karkatarsa gefe, sukwayar a tsaye take kan teburi, ana juya notin tsayarwa da ke bayan injin har su manne. Na 45 notinsa daban.

Gwaji: yanka katako mai faɗin santimita 10, kife guntu ɗaya, haɗa bakunan. Duk giɓin da ka gani ninki biyu ne na kuskuren. Wajen yanka kuma a jawo kan, a sauke, a tura gaba ba tare da danna shi gefe ba.