Yadda Ake Canja Wa Tsohuwar Amfilifayar Bas Mahaɗin Lasifika Zuwa Speakon

Duk mai haya da kayan sauti a ƙauyukanmu ya san wannan: ana tsakiyar kamun amarya, yaro ya yi tuntuɓe da waya, jak, wato kan wayar lasifika da ake cusawa a amfilifaya, ya zare, sautin bas ya ɗauke. In an yi sa'a a mayar a ci gaba. In ba a yi ba, amfilifaya ta tafi ke nan, domin jak mai kauri milimita 6.35 yakan haɗe wayoyin biyu na ɗan lokaci yayin shiga da fita. Ga ƙurar hunturu da ke cika raminsa, ga bakinsa da ke saki. Maganin shi ne a cire shi a sa Speakon, wanda ake murɗawa ya kulle. Kamfanin Neutrik ne ya ƙirƙiro shi, jikinsa roba ne, kuma ya fi jak ɗaukar wuta nesa ba kusa ba.

Ka sayi mai ƙafa huɗu, wato NL4, ko da biyu za ka yi amfani da su; a jikin ƙafafun an rubuta 1+, 1-, 2+ da 2-. A kasuwar Sabon Gari ta Kano za a nuna maka na asali da jabu. Jabun ya fi araha, amma makullinsa ba ya jure jijjigar bayan a-kori-kura a hanyar burji. Ni ba na sa shi a bayan amfilifaya. In kuɗi sun gaza, sa na asali a jikin na'urar, ka lallaɓa da jabu a kan waya, tunda wannan ko a gindin bishiya za ka iya canja shi. Kuma wannan bayani bai shafi Ahuja ta masallaci mai ƙusoshin 70V da 100V ba, ita tsarinta daban.

Cire filogi daga wuta, ka buɗe murfi. Manyan kafasitocin da ke ciki, masu kama da gwangwani, suna riƙe wuta bayan an kashe. Kada ka haɗe ƙafafunsu da sukundireba kamar yadda yara ke yi don su ga tartsatsi. Ɗaura wayoyi biyu a ƙwan fitila mai zare na wat 60, ka taɓa ƙafafun da su, sannan ka auna da mita ka tabbatar wutar ta sauka. In amfilifayar mai kwalabe ce a ciki, wato bawul na gilashi maimakon tiransisto, wutarta kan haura volt 400, ka kai wa wanda ya saba da ita.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Kafin ka taɓa tsohon mahaɗin da ayan, wato ƙarfen narka dalma, ɗauki hotonsa da wayarka, sannan ka ƙirga wayoyin da ke zuwa jikinsa.

In waya ɗaya ce tak, to ƙarfen akwatin amfilifayar ne ke aikin waya ta biyu, wato baƙar waya, ta hanyar notin da ya ɗaure jak ɗin. Sau da dama almajiran gyara sun kawo min aiki suna cewa sun sa Speakon amma shiru. Dole a yi shiru, roba ba ta kai wuta. A nan sai ka jawo sabuwar waya mai kauri daga ƙafar 1- ka ɗaure ta a jikin akwatin kusa da inda jak yake, bayan ka kankare fentin wurin har ƙarfe ya yi fari.

In kuwa wayoyi biyu ne, kuma jak ɗin na roba ne, ko akwai wasu zobba na roba da suka raba shi da akwatin, to masu ƙerawa da gangan suka raba su. Sa mita a layin da take ƙara in tsinkayenta biyu sun haɗu, tsinke ɗaya a kan baƙar wayar, ɗayan a kan ƙarfen akwati. In ba ta yi ƙara ba, wannan baƙar wayar ba ta ƙasa ba ce, wato ba a haɗe take da akwati ba. Yawanci injuna biyu ne a ciki aka haɗa su suna tura lasifika ɗaya, wanda masu gyara ke kira birij, kuma wayoyin biyu duk masu wuta ne.

Wannan ne ya ci ni. Wani mai kayan sauti daga wani ƙauye kusa da Gujungu ya kawo min 'yar kwatano ranar Laraba, yana da biki ranar Juma'a. Na ga ja da baƙi, na sa Speakon tsaf, sannan na ƙara 'yar guntuwar waya daga 1- zuwa jikin akwati, a zatona ƙarin kariya nake yi. Ban auna ba. Ina kunnawa na ji ƙas, fis ya tashi, wari ya cika shago. Tiransistocin gefe ɗaya gaba ɗaya suka ƙone. Ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu me zan ce wa uban amarya?" Washegari da asuba na hau mota zuwa Kano neman kaya, da kuɗin aljihuna, na kuma ara masa tawa ya yi bikin. Awon da bai kai minti ɗaya ba na tsallake. Har yau in yaro ya ɗauki ayan a shagona bai fara ɗaukar mita ba, karɓewa nake yi.

Wani ƙaramin tarko kuma: wasu tsofaffin suna da jak biyu, kuma na biyun yana da ɗan harshe da ke buɗewa in an cusa filogi. In ka ga ƙafafu uku ko huɗu a jak na lasifika, bi kowace da ido ka zana a takarda kafin ka yanke.

Sai huda. Ramin jak kusan milimita 10 ne, Speakon kuwa yana son 24, da ƙananan ramuka biyu na ƙusa a kusurwa. In farantin baya yana kwancewa, kwance shi ka yi aikin a waje. In ba ya kwancewa, lulluɓe allon cikin da leda, ka manne gefe-gefe da salatif, ka kifa na'urar yadda garin ƙarfe zai zubo ƙasa. Ƙwaya ɗaya ta isa ta haɗe ƙafafun tiransisto. Ina bi da maganaɗisun tsohuwar lasifika in tsince, amma in farantin alminiyam ne maganaɗisu ba ya kamawa, sai buroshi da iska. Wanda ba shi da injin huda, zagayayyen magagari zai yi, sai dai a ɓata rabin yini. Duba bayan farantin tukuna, kada ka gama huda ka tarar taransifoma ta tare wurin.

Ja zuwa 1+, baƙa zuwa 1-, a bar 2+ da 2- haka nan. Waya ta zama mai kaurin 2.5, ta jan ƙarfe zalla. Kankara ta da reza, in cikin ya yi fari, alminiyam ce aka shafa wa launi, mayar wa mai ita. Dalma ta narke ta yi sheƙi, kada ta dunƙule, kada kuma zare ko ɗaya ya leƙa ƙafar maƙwabciya.

Kunnawar farko, sa ƙwan fitila mai zare a layin wuta, yadda wutar za ta bi ta cikinsa kafin ta isa amfilifaya. In ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, kashe nan take. Auna bakin Speakon da mita a DC ba tare da lasifika ba, ya kamata ka ga kusan sifili. Mai kwalabe kam ba a taɓa kunna ta babu lasifika. A gefen akwatin bas, taɓa batir 1.5 a wayar: in ja tana kan gefen + na batir, faifan ya turo waje. In ya shige ciki, juya wayoyin. Sabon mahaɗi bai ƙara wa amfilifaya ƙarfi ba, akwati biyu masu om 8 sun zama 4, in an rubuta 4 a bayanta kada ka ƙara na uku. Fara da murya ƙasa-ƙasa, ka bar ta rabin awa, ka ɗora hannu a kan mahaɗin ka ji ko ya yi ɗumi.