Yadda Za Ka Koyar da Hausa ta Saƙon Murya a WhatsApp

Malam, in kana da ɗalibai baƙi a Samaru ko Kongo da suka zo karatu Jami'ar Ahmadu Bello suna son jin Hausa, wayarka ta ishe ka aji.

Da farko buɗe zaure a WhatsApp, kada ka wuce mutum 15. In sun yi yawa, masu kunya ba za su taɓa buɗe baki ba.

Sannan kowa ya sa Hausa a Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, don ya samu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Ni ba na sassauci a nan, domin ƙasa daban, kasa daban.

Sai babban aikin. Kullum bayan sallar Isha, ka tura saƙon murya da bai wuce minti 1 ba, jimla uku kacal. Ka faɗe su a hankali, ka sake faɗa yadda ake magana a kasuwar Sabon Gari: "Nawa ne mudun shinkafa? Rage mini mana." Rubutu ba ya nuna karin sauti. Kukan yaro da kukar miya duk "kuka" ake rubutawa, kunne kaɗai ke raba su, don haka ka maimaita irin waɗannan har su zauna.

Kowa ya maido da muryarsa kafin gobe da azahar. Gyara kuwa, ka tura wa mutum shi kaɗai, ba a zaure ba.

Ranar Juma'a ka aike su wurin mai shayi ko ɗan acaɓa, su dawo su ba da labari da Hausa.